Makullin babur, kuɗin aljihu da fada: yadda nake sa ido a kan samarin gidana

Sana'ata gyaran babur ce a nan Damagaram, kuma Allah ya ba ni samari biyu da budurwa ɗaya a gida. Mai irin aikina yakan riga uba sanin halin ɗansa. Idan aka kawo mini babur an cire madubai, an fasa salansa don ya yi ƙara, tayar baya ta cinye tun ba ta yi wata uku ba, na san irin tuƙin da ake yi da shi, ko da mai gida na can yana rantsuwa cewa lakwal kawai yaron yake zuwa. Abin da zan faɗa wa iyaye daga nan na samo shi.

Fara da sanin fadar da ɗanka yake zama, wato majalisar da samari ke taruwa suna hira da shan shayi. Kar ka ce za ka hana shi, don saurayin da ba shi da fada a garin nan sai an tona, kuma akwai fadojin da suke share unguwa, suke tara kuɗi idan ɗayansu ya kwanta ciwo. Ka je da ƙafarka bayan la'asar, ka yi sallama, ka sha shayinsu, ka ba da ganyen shayi da sukari. Ka san sunan shugabansu da gidan da ya fito, ka karɓi lambar mutum biyu. Fadar da ta yi murna da zuwan dattijo ba ta cika ɓoye mugun abu ba. Wadda kuwa aka yi tsit da ka iso, aka tura wani abu ƙarƙashin tabarma, ko ka ga manyan ƙarti da suka girme wa ɗanka da shekara goma su ne masu faɗa a ji, to nan ne aikinka yake.

Babban abin da nake tsoro shi ne taramol. Maganin ciwo ne na asibiti, likita yakan rubuta mai miligiram 50 ko 100, amma wanda ke yawo a hannun masu tallar magani yakan kai 200 ko 225, kuma cikin shayi ko kofi ake narka shi. Yawancin yaran ba don iskanci suke farawa ba. An ce musu yana ba da ƙarfi, ga kabu-kabu tun asuba, ga dakon kaya a kasuwar Dole, ga turin kurar ruwa cikin zafin bazara. Alamunsa a gida ake ganin su, kuma uwa ta fi uba saurin lura: yaro ya daina cin tuwo, yana yawan susa, gumi ba dalili, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, yau fara'a gobe faɗa da kowa, kuɗin cefane sun soma ɓacewa. Idan za a yi wanki a laluba aljihu, fankon katin ƙwaya yakan fito. Mai shaƙar sholisho kuma warin ke tona shi, da tsumman da ba ya rabuwa da hannunsa.

In ka tabbatar, kada ka yi maganar yana cikin maye, kada ka yi ta gaban ƙannensa. Jira safiya, ka kira shi ku biyu, ko tare da kawunsa idan ya fi jin nauyinsa. Ni abin da nake ce wa nawa kan kowace irin matsala shi ne: "Yarona, faɗa mini gaskiya, ni ne ubanka, tare za mu gyara." Duka da ɗaurin mari ba sa fitar da ƙwaya daga jiki, kora daga gida kuwa miƙa shi ne kai tsaye ga masu sayar masa. Wanda ya daɗe yana sha, idan ya yanke rana ɗaya, zai yi ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da firgita, shi ya sa da yawa suke komawa. A kai shi wurin likita a rage masa sannu a hankali, a haɗa da addu'a da nasihar malamai.

Taramol mai yawa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Idan hakan ta faru a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko nono. In jijjigar ta wuce minti 5, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko ya ƙi farkawa, a garzaya asibiti da katin abin da ya sha. Lambar ƴan kwana-kwana a nan Nijar 18 ce.

Sai babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma hular kwano da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Mu da muke karɓar baburan da aka kwaso daga kwalta ba ma gardama da wannan. A gidana makulli a aljihuna yake kwana. Mai son ɗauka zai faɗi inda za shi da lokacin dawowa, goyo mutum ɗaya ne kawai, hula a kai da igiyarta a ɗaure, waya a aljihu. Ba a hawa hanyar Tanut inda tankokin matatar man SORAZ ke zirga-zirga, ba a fita babbar hanyar Maraɗi ko ta Magarya da dare. Ranar rakiyar amarya da ranakun Salla kuwa babur ba ya barin zaure, domin ranar ce samari ke sakin hannu da ɗaga taya don ƴan mata su gani. Wanda ya karya sharaɗi zai yi sati guda yana tafiya a ƙasa, kuma na gaya wa uwarsu tun farko kada ta roƙa masa. Duk Juma'a ka duba birki, fitila da taya da kanka, kai ma ka sa hular, don yaro ba ya ɗaura abin da ubansa ya rataye a ƙusa.

Kuɗi ma a bi sawunsu. Jika ɗaya da ba ka san inda ta fito ba ta fi jika biyar da aka roƙe ka tayar da hankali. Haka sabuwar waya a hannun yarinya, musamman mai talla: a tambaya cikin ruwan sanyi wa ya saya, kuma a sa tallar ta ƙare kafin magariba. Da damina a ja wa ƙanana kunne kan tabkunan cikin gari, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa.

Abu ɗaya da na yi wa ƴaƴana alkawari: duk inda dare ya ritsa da su, ko wanda ya goyo su ya sha wani abu, su kira ni ko ƙarfe nawa ne. Zan zo in ɗauke su ba tare da faɗa a daren ba, maganar sai gari ya waye an karya kumallo.