Yadda na magance zafin mota a hanyar Kano zuwa Maiduguri

Tun daga Wudil allurar zafi ke hawa duk lokacin da na wuce gudun 100, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba tare da na ga ɗigo a ƙasa ba.

Nauyi na fara zargi, amma jaka ɗaya ce a but, sai safaya, jak da jarkar ruwa mai lita 5. Fanka na juyawa, fanbel lafiya lau. Wani bakanike a Azare ya ce a cire tamostat, na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, na ƙi; wannan ɓoye ciwo ne kawai.

A Potiskum na kashe mota, na jira minti 40 ta huce, sannan na buɗe murfin lagireto da tsumma. Ashe robar murfin ce ta tsage, ruwa na tafasa yana ficewa ta ƙaramin tiyon da ke wuyan lagireto. Na sayi sabo mai lamba 1.1 (ma'aunin matsin da murfin ke riƙewa), daidai da tsohon. Na tayar da injin, murfi a buɗe, na kai hita mai ɗumama cikin mota ƙarshe, ina ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina fitowa, na rufe gam.

Har Damaturu da Maiduguri allura ba ta wuce tsakiya ba. Alhamdulillahi, na gode wa mai shagon da ya tono min murfin.