Abin da ya wajaba ya fito a zanen bututun tururi na masana'antar shinkafa

A masana'antun shinkafa irin na Argungu da Birnin Kebbi, tururi ne ke ɗumama ruwan jiƙo, shi ke turara shinkafar, shi ke busar da ita. Mai waldar da zai haɗa bututun daga boila zuwa tankuna bai ga lissafin injiniya ba, takardar da aka miƙa masa kawai ya gani. Duk abin da babu a cikinta zai cike shi da abin da ya samu a kasuwa.

Ƙa'idojin ASME, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ba su jera abin da za a rubuta a zane ɗaya bayan ɗaya ba. B31.3, ta bututun masana'antu, ta ɗora wa mai masana'anta bayyana rukunin abin da ke bi ta bututun gwargwadon haɗarinsa, ta ɗora wa mai zane tabbatar da cewa tsarin ya cika sharuɗɗanta. A zane da jadawalin layuka ake ganin an sauke wannan nauyi.

Fara da sunan ƙa'idar da shekarar bugunta. Bututun da ya tashi daga bakin boila zuwa bawul ɗin da ke tsayar da tururi yana ƙarƙashin wata ƙa'idar ta ASME, B31.1, daga nan gaba za a iya bin B31.3. Sa alama ƙarara a daidai wurin da ƙa'ida ta canza, don sharuɗɗan duba walda a ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne.

Kowane layi ya samu lambarsa mai ɗauke da girman bututu, abin da ke ciki, ajin kayansa da kaurin rufin zafi. Lambar da ke kan P&ID (zanen tsarin bututu da na'urori gaba ɗaya) ita ce za ta fito a zanen isometirik (wanda ke nuna siffar kowane layi da awonsa), harafi da harafi. Kusa da ita a rubuta matsi da zafi iri biyu: na aikin yau da kullum, da wanda aka yi lissafi a kansa. Nan ake yawan tuntuɓe. Tururi mai matsin bar 10 zafinsa kusan digiri 184 ne, amma idan an saita bawul ɗin kariya a bar 12, to a kan 12 ake lissafi. Wannan ya fitar da layin daga rukunin D, mafi sauƙin sharuɗɗa, wanda iyakarsa kilofaskal 1035 (wato bar 10.35) da digiri 186, ya mayar da shi rukunin da ake ɗaukar hoton ciki, irin na X-ray, na aƙalla kashi 5 cikin 100 na waldar baki da baki. Idan zane bai faɗi rukuni ba, ɗan kwangila zai ɗauki mai araha, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

A jerin kaya kada ka tsaya a "bututu inci 4". Faɗinsa na waje milimita 114.3 ne ko yaya, amma lambar Sch ce ke nuna kaurin bangonsa: kaurin Sch 40 milimita 6.02 ne, na Sch 80 kuwa 8.56. Rubuta cikakke: ASTM A106 Gr. B marar ɗinki, gwiwoyi A234 WPB bisa B16.9, filanji (faifan da ake haɗa bututu biyu da kusoshi) A105 bisa B16.5, da irin gasket da kusoshi. A kula da ajin filanji. Na ƙarfe mai aji 150 yana ɗaukar bar 19.6 a digiri 38, amma a digiri 200 ya sauka zuwa 13.8. Ya wadatar a bar 12, ko da yake ratar ba yawa. In matsi ya haura, sai aji 300.

Abin da aka fi mantawa shi ne motsin bututu. Ƙarfe yana miƙewa kamar milimita 1.2 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri 100. Layi mai tsawon mita 30 da aka ɗaura a zafin digiri 30 zai ƙaru da kusan milimita 55 da zarar tururi ya shiga. Dole zane ya nuna inda aka kafe shi dam, inda aka bar shi ya zame, da inda aka yi masa lanƙwasar da za ta shanye ƙarin. Idan ba a bambanta su ba, mai walda zai manne kowace madogara, bututu ya tura bakin injin ko ya tsage walda. Haka gangare: mita 1 cikin 100 ta inda tururi ya nufa, da kibiya a kan zane, da tarkon fitar da ruwa a kowace mita 30 zuwa 50 da ƙasan duk wata hawa. Rassa su fita ta saman babban layi. In ba haka ba ruwa zai kwanta, tururi ya kwaso shi ya maka wa gwiwa, ka ji bututu na bugawa kamar ana dukansa da guduma.

Ba wa kowace walda lamba, a bambanta ta shago da ta fili, a rubuta lambar takardar tsarin walda da aka amince da ita. Sai matsin gwaji: ninki 1.5 na matsin lissafi, wato bar 18 a misalinmu, a ƙara idan zafin aiki ya rage ƙarfin ƙarfen, a riƙe aƙalla minti 10. Nuna mafitar iska a wurare masu tudu da mazubar ruwa a kwari, a kuma rubuta cewa ba a rufe mahaɗai sai an gama gwajin.

A kusurwar takarda: lambar zane, lambar gyara da kwanan wata, wanda ya duba, da hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Duk gyaran da aka yi a zagaye shi a kan zanen, a janye tsofaffin kwafi daga hannun ma'aikata ranar da sabo ya fito, bayan gwaji kuma a fitar da zane na ƙarshe da ke nuna bututun yadda aka ɗaura shi a zahiri.