Masu kunna waƙar neman kuɗi a shago, a riƙa tacewa

Jama'a, masu kunna waƙa a shago ko cikin adaidaita don samun kuzari, ku saurari baitocin tukuna kafin ku zuba ta a waya. Wata kiɗanta ne ke jan mutum, amma saƙonta a yi kuɗi ko ta halin ƙaƙa, ga yaran shago suna haddacewa. Ni na fi son irin salon marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, mai ci da guminsa. Masu zafin kiɗa ku bar su da safe, lokacin shara da jera kaya. Mai saye in ya shigo a rage sauti, in an kira salla a kashe.