Yadda ake haɗa taswirar ambaliya ta ƙaramar hukuma da QGIS

Duk shekara NiHSA, hukumar tarayya mai kula da bayanan ruwa, tana fitar da hasashen ambaliya, ta lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma hasashen ba zai gaya maka wace unguwa ce ruwa zai fara ci a Auyo ko Ringim ba, balle wace makaranta za a kai mutane. Wannan aikin na mutanen wurin ne. Zan ɗauka ka riga ka sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, a kwamfutarka, kyauta ce, kuma ka iya buɗe fayil a ciki. Kada ka ɓata kuɗi kan ArcGIS don wannan aiki, balle ka nemi ta sata.

Fara da tattara kaya. Hanyoyi, gadoji da koguna suna cikin OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, ana sauke na Najeriya gaba ɗaya daga shafin Geofabrik. Fayil ɗin yana da nauyi, ka bari sai dare lokacin da data ke araha. Iyakokin mazaɓu, ƙauyuka, makarantu, asibitoci da ƙiyasin yawan jama'a kuwa shafin GRID3 ne wurinsu, kuma ƙiyasin nasu ya fi maka amfani tunda rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006. Sai bayanan tudu da kwari: akwai SRTM da aka auna a shekarar 2000, akwai na Copernicus. Na Copernicus nake ɗauka, ya fi sabunta.

Yanzu ga inda masu koyo ke zubewa, kuma nan zan daɗe. Kusan duk fayilolin nan suna zuwa ne a ma'aunin digiri, wato EPSG:4326. Sai yaro ya ce bari ya zana mita 500 kowane gefen kogin Haɗejiya, ya buɗe Buffer, akwatin da ke zana tazara kewaye da abu, ya rubuta 500, ya danna. Kwamfuta ba ta san mita yake nufi ba, digiri 500 ta ji. Digiri ɗaya ya kai kusan kilomita 111, saboda haka allon ya cika da launi ɗaya, shi kuma ya ce manhajar ce ta lalace. QGIS tana nuna 'yar alamar gargaɗi a gefen akwatin, amma ba mai karantawa. Kafin ka auna komai, ka juya kowane fayil zuwa UTM, wanda ke lissafi da mita. Najeriya ta faɗa yanki uku. Sakkwato da Birnin Kebbi suna 31N, Kano da Katsina da Jigawa suna 32N (lambarsa EPSG:32632), Maiduguri da Yola suna 33N. Kuma juyawar gaske za ka yi, ka adana sabon fayil. Canja lambar da ke ƙasan allo ta hannun dama kallo kawai take gyarawa, fayil ɗin yana nan yadda yake. Mafi muni shi ne wanda zai shiga bayanan fayil ya liƙa masa UTM da hannu alhali lambobin ciki digiri ne. Ƙaramar hukumarsa sai ta ƙanƙance ta koma ɗigo, ya yi ta nemanta bai gani ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne musanya lambobi. Idan ka shigo da jerin wurare daga Excel, X shi ne na gabas, Y na arewa. Haɗejiya tana wajen 12.4 arewa, 10.0 gabas. Ka juya su, ɗigonka zai sauka can wajen iyakar Borno da Adamawa, kuma da yake har yanzu cikin Najeriya yake, mutum zai iya wuni bai lura ba. Dokata ita ce: duk fayil da ya shigo, a ɗora shi kan hoton tauraron ɗan'adam, a nemo babban masallacin Juma'a ko wata gada da aka sani, a ga ko sun zauna daidai. Tsofaffin taswirorin ofishin safiyo ma sai an yi hattara, da yawansu kan ma'aunin Minna aka yi su, ba za su hau daidai da na wayarka ba sai an juya.

Idan komai ya zauna, sai ka yi wa tudu da kwari launi. Sai dai kada ka ba wannan hoton amana fiye da kima. Kowane ɗigo a cikinsa fili ne na mita 30, kuma yana haɗa tsayin bishiya da rufin gida. A fadamar Haɗejiya, inda mita ɗaya ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe, bai ga jingar da mutane suka yi da buhunan yashi ba, bai san kwalbatin da ya toshe ba, bai san kacalla ta cike bakin kogi ta karkatar da ruwa ba. Bai kuma san ruwan da ke tahowa daga madatsun Tiga da Challawa ba. Maiduguri ta ga irin wannan a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari cikin dare.

Don haka sai an fita. Ka shirya 'yar takardar tambaya a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da waya, tana aiki ba intanet. Ka fara gaida dagaci ko mai unguwa, ya haɗa ka da dattijo da masunci, su nuna maka inda ruwan 2022 ya tsaya. Yawanci shatarsa na nan jikin katanga ko gindin bishiya. A kowane wuri ka ɗauki lambar GPS ta wurin da hoto, ka auna zurfin da awo daga ƙasa. Ka tsaya har wayar ta nuna kuskuren bai wuce mita biyar ba. Tsayin ƙasa da waya ke bayarwa kuwa, watsar da shi. Kuɗin man babur da na abincin masu rakiya shi ne babban abin da za ka kashe a aikin duka, kada ka yi ƙwauro a nan. In kana so ka gwada maganarsu da hoto, na tauraron ɗan'adam Sentinel-1 kyauta ne, na'urarsa na ratsa gajimare, ruwa kuma baƙi yake fitowa. Hoton da aka saba gani a watan Agusta gajimare zalla za ka samu.

Daga ɗigogin nan ka zana iyakar ruwa, ka ɗora ƙauyuka a kai ka fitar da yawan mutanen da ke ciki. Makarantun da suka rage a waje su ne matsuguni, amma ka zaɓi mai rijiyar burtsatse da ban-ɗaki. Ka bi hanyar kowane ƙauye zuwa can da ido. Inda ta tsallaka ruwa ka sa jan ɗigo, nan ake buƙatar kwale-kwale.

Bugawa ba wuya. Launi uku ya isa, sunayen ƙauyuka da manyan baƙaƙe yadda mutanen wurin ke kiransu, takarda A3, a sa mata leda. Ɗaya ga hakimi, ɗaya ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya ga SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, sannan ka tura hotonta ta WhatsApp. Ka gama kafin ƙarshen Yuni, don daga Agusta wasu hanyoyin ba sa biyuwa.