Kafin a biya kuɗin gida, a duba hanyar ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda yake shirin sayen gida, ina ba shi shawara kada ya yanke hukunci da ganin da ya yi masa da rani kaɗai, domin gidan da ya burge mutum a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Idan da hali, a koma a duba shi da zarar an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, a ga inda indararo yake zuba, da yadda ruwan yake fita daga tsakar gida, da kuma ko kwatar ƙofar gida tana gudu ko ta cushe da leda da yashi. Idan titi ya fi tsakar gidan tudu, to ruwan unguwa ciki zai riƙa kwararowa. A sunkuya a dubi gindin bango, domin fentin da ya kumbura yana ɓarewa, ko fari-farin gishiri a jikin siminti, alamar danshi ce, kuma sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne.

Game da ruwan sha, maƙwabta ya kamata a tambaya, ba dillali ba: sau nawa famfo yake kawo ruwa a mako, kuma rijiya tana ƙafewa a watan Afrilu? Abin da ya fi damuna shi ne rijiyar da aka haƙa dab da masai, har da na maƙwabci ta bayan katanga, alhali tazarar kusan mita 30 ake so tsakaninsu saboda kwalara da taifod.