Yadda ake amfani da kalmar Turanci "sooty"

'Yan'uwa masu koyon Turanci, idan kuna son siffanta abin da hayaƙi ya baƙanta, kalmar da ta dace ita ce "sooty". Ta samo asali daga "soot", wato kunkunniya, baƙin garin nan da ke taruwa a gindin tukunya, ko a rufin madafa, ko a jikin gilashin fitilar kananzir. Saboda haka tukunyar da aka sauke daga murhun itace, wadda da zarar an taɓa ta sai yatsa ya yi baƙi ƙirin, ita ce "a sooty pot".

Ku kula da lafazi, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Wasalin gajere ne kamar na "foot", kuma wanda ya ja shi zai koma faɗin "suit", wato kwat.

Kada a haɗa ta da "smoky", wadda ke nufin wurin da hayaƙi ya turnuƙe ko abin da ke warin hayaƙi, ko da "burnt", wadda ke nufin abin da wuta ta ci. Manoma za su gamu da ita a "sooty mould", baƙar fumfunar da ke lulluɓe ganyen mangwaro da lemo idan ƙananan ƙwari sun bar ruwa mai danƙo a kai.

Ina roƙonku kada ku siffanta launin fatar mutum da ita, domin a Ingila ana ɗaukar hakan zagi ne na wariyar launin fata.