Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Magance Kutsen Feja a Rifitar Masu Rediyon Sha'awa

Duk wanda ya taɓa jin kutsen tashar feja a cikin rifita, wato na'urar da ke karɓar siginar oba-oba ta sake watsa ta don ta kai nesa, ba zai manta sautinsa ba, domin ƙara ce mai kama da kukan gyare haɗe da gurnani, wadda take zuwa na 'yan daƙiƙu, ta ɗauke, sannan ta dawo. Feja dai ita ce ƙaramar na'urar nan da likitoci suke maƙalawa a ƙugu, kuma tashoshin da ke aika mata saƙo da tsarin POCSAG ko FLEX sukan yi aiki da ɗaruruwan wat a kusa da zangon da ake kira mita 2 na masu rediyon sha'awa (masu sadarwa da rediyo don nishaɗi), wanda a Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146. A Nijeriya wayar salula ta ture feja gefe tun bayan zuwan GSM a 2001, amma duk mai niyyar ɗora rifita a kan dogon ƙarfe a Sakkwato zai tarar da maƙwabta masu irin wannan ƙarfi, wato gidajen rediyon FM da oba-oba ta jami'an tsaro, kuma hanyar binciken duk ɗaya ce.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne gaggawar ɗora wa maƙwabci laifi. Jin sautin wata tasha a mitarka ba hujja ba ce cewa na'urarta ta lalace, domin sau da yawa sigina biyu ko uku masu lafiya ne suke cuɗuwa su haifar da wata sabuwa. Rifitar mita 2 tana karɓa da watsawa a mitoci biyu masu tazarar kilohaz 600. A Amurka akwai wasu mitocin feja biyu, megahaz 152.240 da 152.840, waɗanda tazararsu ita ma 600 ce cif. Idan rifita tana watsawa a 145.600, siginarta ta cuɗu da nasu, aka debe wannan tazara, sakamakon ya faɗa daidai kan 145.000, inda take saurare. Tashoshin FM biyu masu irin wannan tazara za su iya yin aikin nan. Alamarsa ita ce rifita ta ci gaba da riƙe kanta bayan mai magana ya saki maɓalli, ba za ta yi shiru ba sai ɗaya daga cikin tashoshin ta tsaya.

Saboda haka tambayar farko ita ce a ina cuɗuwar take faruwa, a cikin na'urarmu ta karɓa ne, ko a cikin na'urar watsawa, ko kuwa a waje. Gwaji biyu marasa tsada sukan raba gardama. A kashe ɓangaren watsawa na rifitar a saurari ɓangaren karɓa kaɗai. Idan ƙarar ta ɓace, to siginarmu tana cikin haɗin. Sannan a sanya na'urar rage ƙarfin sigina ta desibel 10 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sigina) a bakin na'urar karɓa. Idan kutsen ya ragu da desibel 10 kacal, daga waje ya shigo a shirye. Idan kuwa ya faɗi da kusan 30, a cikin na'urarmu ta karɓa ake ƙera shi, kuma babu ƙorafin da zai gyara shi. Abin mamaki, mutum yakan yarda ya kashe kuɗi mai yawa kan matatar sigina kafin ya yi wannan gwajin na minti biyar.

Wasu kuma sukan kunna sautin kulle na CTCSS, wato sautin da sai rifita ta ji shi take buɗewa, ƙarar ta daina buɗe rifita, su ɗauka an gama. Wannan rufe kunne ne kawai, domin siginar mai ƙarfi tana nan tana danne na'urar karɓa, kuma za a gane haka ranar da mai oba-oba ta hannu ya kira daga Dange ko Wamakko aka kasa jin sa. Idan ma rifitar tana watsa irin sautin da take jira, cuɗuwar za ta dawo mata da shi ta buɗe da kanta, sai an raba sautin shiga da na fita.

Akwai kuma dogaro fiye da kima da duflesa, wato na'urar da ke ba rifita damar karɓa da watsawa da eriya ɗaya. Yawancin ƙananan duflesa aikinsu kawai shi ne su hana siginar rifita komawa cikin kunnenta, amma ba sa tare abin da ke megahaz 100 ko 152. Abin da ake buƙata shi ne a ƙara gwangwanin tacewa mai barin zangonmu kaɗai ya wuce. Na'urar ƙara ƙarfin karɓa kuwa dole ta zo bayan matata, domin idan ta riga ta, ita ce za ta zama tukunyar cuɗuwar. A wuri mai cunkoso ni ina ganin cire ta gaba ɗaya ya fi alheri. Idan bincike ya nuna ɓangaren watsawa ne, maganinsa aisoleta, wato na'urar da ke hana siginar waje shiga ɓangaren watsawa ta eriya, tare da matatar da za ta tare ninkin mita da ita aisoletar ke haifarwa.

Inda yanayin Sakkwato ya fi shiga maganar shi ne cuɗuwar da ke faruwa a waje. Tsatsa tsakanin ƙarafa biyu tana iya haɗa sigina kamar yadda diyod, wato ƙaramin kayan lantarki mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, yake yi. Zafin bazara da kan haura digiri 40 yana sassauta noti da mahaɗin kebul, ƙurar hunturu ta cika giɓin, ruwan damina kuma ya zo ya jiƙa ta. Irin wannan kutse yakan canza da iska ko da faɗuwar rana. Hanyar gano shi ita ce mutum ɗaya ya zauna da lasifika a ƙasa, wani kuma, bayan an rage ƙarfin watsawa ya ɗaura bel ɗin tsaro, ya riƙa bubbuga ƙarafa da girgiza wayoyin da ke riƙe da hasumiyar ɗaya bayan ɗaya da busasshen katako, har na ƙasa ya ce, "Malam, tsaya nan, sake taɓa wannan." Sau da yawa abin da za a tarar tsohuwar eriya ce da aka bari tana lilo, ko mahaɗin da cikinsa ya yi kore. Kebul mai rufin alminiyam da saƙar waya a kansa, irin LMR-400, shi ma an san shi da kawo hayaniya a rifita. Kebul irin Heliax ko RG-214 sun fi dacewa.

Idan an kawar da duk waɗannan kuma laifin ya tabbata na maƙwabci ne, kada a je masa hannu rabbana. A rubuta ranaku da lokutan da kutsen ya auku, a ɗauki hoton siginar da ƙaramar na'urar karɓa ta RTL-SDR da ake haɗawa da kwamfuta, a fara zama da injiniyan tashar cikin mutunci, a kuma gwada raba eriyoyin sama da ƙasa, wanda ya fi raba su gefe da gefe tasiri. Sai hakan ya ci tura za a kai takardun ga hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC idan gidan rediyo ne, ko hukumar sadarwa ta NCC idan kamfanin sadarwa ne.